Barewar Amurka: Yadda ake farautarta da ɗanɗanon namanta

Barewar Amurka, wadda ake kira pronghorn da Turanci, tana rayuwa ne a filayen yammacin Amurka, musamman jihar Wyoming. Duk da kamanninta da barewa, raƙumin dawa na cikin danginta mafi kusa. Gudunta kan kai kilomita 88 cikin awa guda, ga kaifin ido, shi ya sa mafarauta ke yin sanɗa su harbe ta daga nesa.

Yawan farauta ya kusa ƙarar da ita a farkon ƙarni na 20. Dokokin kariya da kuɗin harajin bindigogi, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware domin namun daji, sun taimaka ta sake yaɗuwa. Yanzu sai da lasisi ake farautarta, galibi a Satumba da Oktoba.

Namanta na da taushi da ƙarancin kitse, amma wasu na kukan yana ƙarni. Gogaggun mafarauta na ɗora laifin kan jinkirin fiɗa: a lokacin akan yi zafi, gashinta kuma na riƙe ɗumi. Idan aka feɗe ta nan take, aka sa naman cikin ƙanƙara, ba ya rasa daɗinsa.