Daga Bukkokin Anacostia Zuwa Takardar Haraji

A watan Yulin 1932, dakarun Amurka ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur suka afka wa tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da barkonon tsohuwa a birnin Washington, bukkokinsu na Anacostia suka ƙone ƙurmus. Mutanen sun zo ne neman kuɗin sallamar da aka yi musu alkawari tun 1924, aka ce sai 1945 za a biya, alhali yunwa ta riga ta shiga gidajensu.

Abin kunyar nan bai bar zukatan mutane ba. Shi ya sa tun ba a gama Yaƙin Duniya na Biyu ba aka fara tunanin yadda za a tarbi masu dawowa. Harry Colmery, tsohon shugaban ƙungiyar American Legion, ya zauna a otal ɗin Mayflower ya rubuta daftarin da hannunsa a kan takardun otal ɗin. Ranar 22 ga Yuni, 1944, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu, aka samu dokar da ake kira GI Bill. Gwamnati ta ɗauki kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, da dala 50 duk wata ga wanda ba shi da iyali, 75 ga magidanci.

Jami'o'i suka cika maƙil, har aka riƙa kafa gidajen wucin gadi don ɗalibai masu mata da 'ya'ya. Zuwa 1956, mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko koyon sana'a da wannan tallafi. Sai dai rabon bai yi adalci ba: a jihohin kudu, jami'o'in fararen fata sun ƙi karɓar baƙaƙen da suka yi yaƙi ɗaya da su, makarantun baƙar fata kuwa ba su da gurbin da zai ishe su.

Dokar ta sha gyara. Ta 1984 ta sa ana cire wa soja dala 100 daga albashi tsawon wata 12. Ta 2008, wadda Sanata Jim Webb ya jagoranta, tana tura kuɗin karatu kai tsaye ga makaranta, ta ba ɗalibi na haya a hannunsa. Dukkansu ba a karɓar haraji a kansu.

Rangwamen haraji na karatu kuwa ta wata ƙofa ya shigo. A 1997 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da ta kawo rangwame biyu, Hope da Lifetime Learning. A 2009 American Opportunity ya maye gurbin Hope, yana rage wa mutum har dala 2,500 a shekara cikin shekaru huɗu na farkon jami'a, kuma ko ba a bin sa haraji zai iya samun dala 1,000 a hannu.

Da hanyoyin biyu suka haɗu a kan tsohon soja, sai hukumar haraji ta IRS ta yi fashin baƙi: dalar da gwamnati ta biya ba ta zama hujjar neman rangwame. Idan kuɗin makaranta dala 10,000 ne, ma'aikatar tsofaffin sojoji ta biya 8,000, to a kan ragowar 2,000 kaɗai za a yi lissafi. Irin wannan giɓi yakan samu wanda bai cika wata 36 a bakin aiki ba, ko wanda ya shiga jami'a mai zaman kanta da kuɗinta ya zarce iyakar da doka ta sa.

Kuɗin haya ba ya cikin abin da ake cirewa, domin ba a ɗaure shi ga makaranta ba. Ko da daga cikinsa ɗalibi ya cike giɓin, haƙƙinsa na nan. Ana neman rangwamen da fom mai lamba 8863, wanda kuma ya tsallake shi yana da shekara uku daga ranar miƙa takardar harajinsa don ya gyara ta, ya karɓi kuɗinsa.