Daga Majusu zuwa Maguzawa: Tafiyar Wata Kalma Tsakanin Arewacin Turai da Ƙasar Kano

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun kalma guda wadda marubutan Larabci suka laƙaba wa mutanen can ƙuryar arewacin Turai, wato kakannin mutanen Danmak da Nowe da Suwidin, wadda kuma ita ce dai, a bisa ra'ayin masana da dama, ta rikiɗe ta zama sunan wasu maƙwabtanmu a yammacin Kano. Kalmar ita ce Majusu.

Asalinta sunan mabiya addinin Farisa ne na dā, masu girmama wuta, kuma sau ɗaya ta zo a Alƙur'ani, cikin Suratul Hajji. Tun zamanin Manzon Allah (SAW) aka karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, sai kalmar ta sami gurbi a fiƙihu: mutanen da ba ma'abota Littafi ba ne, amma ana iya zama da su bisa alkawari. Mazhabar Malikiyya, wadda Andalus da ƙasar Hausa suka yi tarayya a kanta, ta faɗaɗa wannan hukunci har ya game sauran masu bautar gargajiya.

A shekarar 844 wasu jiragen ruwa suka ɓullo wa Andalus daga arewa, suka taɓa Lisbon, sannan suka hau kogi suka washe Ishbiliya, kafin rundunar Abdurrahman na Biyu ta fatattake su. Wajen 859 kuma suka far wa Nakur a gaɓar Maroko. Marubutan Andalus ba su tsaya tambayar waɗannan mahara sunansu ba, Majusu kawai suka kira su, ko da yake Ibn Hayyan ya kawo wani sunan, Urdumaniyyun, wanda aka aro daga lafazin Latin mai ma'anar mutanen arewa. Wasu masana na ganin ƙona gawa da maharan ke yi ne ya jawo musu laƙabin. Mu dai a ganinmu dalilin ya fi haka sauƙi: ba Musulmi ba ne, ba Nasara ba, ba Yahudu ba, sai aka jefa su a taskar da ta rage.

Idan muka dawo gida, duk wanda ya san yankin Gwarzo da Kabo, inda garin Madadi yake, ya san Bamaguje ba baƙo ba ne. Hausa yake yi, har ma a bakinsa akan tsinci tsofaffin kalmomin da birni ya yar. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya danganta Maguzawa da wani Maguji na zamanin Barbushe, a gari kuma akan ce wai sun guje wa salla ne. Amma Greenberg, a littafinsa na 1946, da Murray Last daga baya, sun fi karkata ga asalin Larabcin. Mu ma nan muka fi natsuwa, domin jiziyar da Maguzawa suka riƙa biya bayan jihadi ta dace da matsayin Majusu a littattafan fiƙihu.

Abin lura shi ne, a wuraren biyu kalmar ba ta taɓa nufin harshe ba. Maguzanci al'ada ce da bauta. Su kuwa mutanen arewacin Turai, harshen Danmak suke kiran yarensu na wancan zamani, ko da mai maganar ɗan Ayislan ne. Bambancin kawai shi ne Majusun Andalus abokan gaba ne, na Kano kuwa 'yan amana.

Wannan yana da muhimmanci ga masu fassara. Malamin da ya ci karo da Majusu a littafin tarihin Andalus, ya fassara wa ɗalibansa da Maguzawa ko masu bautar wuta, ya ɓatar da su. Muna ba da shawarar a ce Turawan Arewa, sunan da zai iya ɗaukar ƙasashe biyar ɗin nan na yau, har da Finlan, wadda harshenta ba dangin sauran huɗun ba ne.