Matar da ta shiga Newgate ba ta da makulli

A farkon shekarar 1813, ɓangaren mata na kurkukun Newgate da ke birnin Landan cike yake da mata kusan 300, da yawansu rungume da 'ya'ya ƙanana. Wadda ke jiran shari'a da wadda aka riga aka yanke wa hukunci duk wuri guda aka cusa su, a nan suke girki, a nan suke wanki, a nan kuma suke kwana a ƙasa. Wani mai wa'azi Bafaranshe mazaunin Amurka, Stephen Grellet, ya ga wannan hali, ya kai labari ga Elizabeth Fry, 'yar ɗarikarsu ta Kiristoci da ake kira Kweka. Ita kuwa ta tara tufafin jarirai ta shiga.

Wannan ziyara ba ta sauya kome ba. Sai da aka yi kusan shekara huɗu kafin ta koma, domin ɗawainiyar gida da matsin kuɗi da rasuwar 'yarta ƙarama a 1815 sun ɗaure ta. Komawarta a ƙarshen 1816 ce ta shiga tarihi, kuma abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne ta inda ta ɓullo wa lamarin. Ba ta fara da wa'azi ba. Tambayar matan ta yi ko suna son a buɗe wa 'ya'yansu makaranta, suka amsa, suka kuma zaɓi malama daga cikinsu. A 1817 ta kafa ƙungiyar mata goma sha biyu masu ziyartar fursunonin. Aka tsara dokoki: ba caca, ba zagi, ba bara, za a riƙa ɗinki da saƙa, a saurari karatun Littafi Mai Tsarki safe da yamma. Aka karanta wa fursunonin dokokin ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga hannu alamar yarda.

A ganina, ƙarfin aikin yana cikin wannan ɗaga hannu. Gandiroba yana da makulli da sanda, saboda haka ba ya bukatar yardar kowa. Fry ba ta da ko ɗaya, ba albashi take ci ba, kuma da an ƙi ta sai dai ta koma gida. Aƙidar ɗarikarta cewa akwai hasken Allah a cikin kowane ɗan Adam ita ta sa ta ɗauki ɓarauniya a matsayin wadda za a yi shawara da ita.

Sai dai mai aikin sa kai iyakarsa roƙo. A 1818 aka yanke wa wata fursuna, Harriet Skelton, hukuncin rataya kan takardun kuɗi na jabu. Fry ta yi ta kai-komo, har gaban Lord Sidmouth, sakataren harkokin cikin gida, amma aka rataye ta. A shekarar nan ce kuma ta ba da shaida gaban kwamitin majalisar dokoki kan halin gidajen yari. Dokar 1823, wadda Robert Peel ya tsaya mata, ta ɗauki abubuwa da dama da Fry ke kira a kai: a raba maza da mata, a sa mata su tsare mata, a tanadi limamin coci.

Akwai kuma abin da ban iya kau da kai daga gare shi ba. Karatun da take yi wa fursunoni ya zama abin kallo, manyan gari suna zuwa su zauna su ga yadda masu laifi ke zubar da hawaye. Har Sarkin Furushiya ya halarta a 1842. Kallon ya jawo kuɗi da goyon baya, amma matan da ake kallo ba su da hanyar cewa a fita a ba su wuri.

Da gwamnati ta karɓi ragamar gyaran, sai ta bi wata hanya dabam. A 1835 aka naɗa sufetocin gidajen yari, manyansu kuwa, William Crawford da Whitworth Russell, sun gaskata cewa keɓe kowane fursuna shi kaɗai a ɗaki ne ke kawo tuba. Su ma da sunan addini suke magana, Russell ma limamin coci ne. Fry ta soki wannan tsari, tana ganin kaɗaici na iya taɓa hankalin mutum. Ba a saurare ta ba. A 1842 aka buɗe kurkukun Pentonville, inda ko a ɗakin sujada akwai katako tsakanin fursuna da na kusa da shi. Ta rasu a 1845, tsarin da ta ƙi yana ta yaɗuwa.

Kusan duk abin da muka sani game da wannan aiki daga alƙalamin masu ziyara ya fito, fursunonin kuwa da wuya a ji muryarsu. Abu ɗaya ya iso mana daga hannunsu. A lokacin ana kwasar masu laifi a jirgin ruwa zuwa Ostireliya, kuma ƙungiyar Fry kan ba kowace mace allura da zare da ƙyallaye kafin tashi. A 1841 matan da ke cikin jirgin Rajah, a hanyarsu ta zuwa tsibirin da yau ake kira Tasmaniya, suka harhaɗa ƙyallaye 2,815 suka ɗinka babban mayafin gado, da rubutun godiya ga matan ƙungiyar a gefensa. Yanzu yana ajiye a gidan adana kayan fasaha na ƙasa da ke Kanbera. Ɗinkin wani wuri na gwanaye ne, wani wuri na 'yan koyo, kuma har yau ana ganin ɗigon jini inda allura ta soki yatsa.