Mai Yaƙi da Mai Kawo Masa Kaya: Daga Maƙerun Gwandu zuwa Zamanin Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwandu, ko a Malisa ne ko a Kalgo ko a wani ƙauye na kewayensu, ya sha jin labarin jihadi daga bakin dattawa, ya san yaƙin Tabkin Kwatto da na Alwasa, ya san sunayen jarumai da na shahidai. Amma da wuya a ji wani ya tsaya ya ba da labarin mutanen da ba su hau doki ba, ba su zare takobi ba, alhali kuwa ba domin aikinsu ba da babu mai fita fagen fama, wato maƙera da dukawa da masu ɗinkin lifidi da fataken dawaki da matan da suka kwana suna dakan guzuri. Tsakanin waɗannan mutane da hukumar da ke sayen kayansu akwai wata mu'amala mai tsawon tarihi, wadda siffarta ta sauya sau da yawa, har yau aka wayi gari ana maganar gudanar da ita ta intanet.

Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, jama'arsa ba su da taska, ba su da rumbun makamai, dawakinsu ma kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na Gobirawa masu lifidi da sulke, saboda haka kowane mutum ya zo da abin da hannunsa ya mallaka, galibi baka da kwari. Abin da ya ƙaru bayan wannan ganima ce ta kawo shi, ita kuwa ganima shari'a ta riga ta yanka mata ƙa'ida: a fitar da humusi, a raba saura ga mayaƙa, wanda kuma ya ɓoye ko da allura ce kafin rabo ya yi gululu, laifin da malamai suka tsananta magana a kansa. Wannan ƙa'ida ba ta zauna daram ba a tsakanin mutane masu yunwa, musamman a shekarun da aka sauka Gwandu, bayan asarar Alwasa a 1805, abinci ya yi wuya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda daga baya aka ba shi riƙon yammacin daula, ya ga yadda son duniya ya fara shiga zukatan waɗansu, har ransa ya ɓaci ya bar runduna da nufin tafiya gabas, ya tsaya a Kano, inda ya wallafa Liya'ul Hukkami domin koya wa masu mulki haƙƙin da ke wuyansu. A ganina ba ƙaramin abu ba ne a ce mutumin da ya kafa wannan masarauta tamu, babban abin da ya dame shi tun farko shi ne yadda ake taɓa dukiyar jama'a a lokacin yaƙi.

Da daula ta zauna, kuma Kabawa suka sake ɗaga kai a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, Gwandu ta zama ƙasar da ba ta rabuwa da shirin yaƙi har zuwan Turawa, don haka buƙatar kaya ta zama ta kullum. Sarki yakan aika wa shugabannin masu sana'a, su kuma su raba aikin ga mutanensu. Maƙeri ya zauna gaban zuga-zugi yana fitar da kan kibiya da tsinin mashi da linzami da likkafa, a kai kibau wajen masu dafi su shafa musu kwankwani. Baduku ya yi kube da ragama da kayan sirdi. Mai lifidi kuwa ya shimfiɗa ƙyalle biyu, ya cusa auduga tsakaninsu, ya bi da zare layi-layi, yana dannawa da tafin hannu domin kada wani gurbi ya zauna fayau inda kibiya za ta samu hanya. Abin lura a nan shi ne, mai yin kaya da mai amfani da su sun san juna, sau da yawa ma unguwarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya. Idan lifidi ya yi sakwa-sakwa, ko takobi ya karye a karon farko, ba a buƙatar kwamitin bincike, domin wanda ya dawo da rauni ya san ƙofar gidan da zai tsaya, wanda bai dawo ba kuwa 'yan'uwansa sun sani.

Sai dai ba dukkan kaya ake yi a gida ba. Dawakai nagari daga Azbin da Barno ake kawo su, kasuwar Jega kuwa ta shahara a wannan yanki wajen tara fatake. Ruwan takobi ma da yawa daga Turai yake ƙetaro hamada: Bature matafiyi Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya kuma zo Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 Kano kowace shekara, mafi yawansu ƙirar garin Solingen na Jamus, maƙeran gida su sa musu ƙota, dukawa su yi musu kube. A irin wannan ciniki na nesa ne fiƙihu ya yi amfani, domin malaman Malikiyya sun yi bayanin cinikin salam, inda ake biyan kuɗi tun kafin kaya su zo, suka shardanta a ambaci siffar kaya da adadinsu da ajalin kawo su, ba tare da wani duhu ba. Ayar bashi da ke ƙarshen Suratul Baƙara kuwa ta yi umarni da a rubuta, a kuma kafa shaidu. Wanda ya duba takardar kwangila ta yau da idon basira zai ga waɗannan sharuɗɗa ne dai ake nema, ko da an sauya musu suna.

Ƙarshen wannan zamani ya zo ne ta hanyar cinikin makamai kansa, gama yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta taƙaita sayar wa mutanen wannan nahiya bindigogi na zamani, har ya zama ranar da Sakkwato ta faɗi a Maris 1903 masu takobi da mashi ne suka fuskanci bindiga mai ruwa. Daga nan sayen kayan soja ya bar hannunmu ɗungum, ya koma London wurin wakilan da ke yi wa ƙasashen mulkin mallaka sayayya, maƙeran Gwandu suka koma ga garma da lauje.

Bayan samun mulkin kai an yi yunƙurin dawo da sana'ar gida, aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a Kaduna a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, amma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya nuna cewa manyan kaya sai an nemo su waje, har jiragen yaƙi daga Tarayyar Sobiyat. Tun daga lokacin tazara ta yi ta ƙaruwa tsakanin sojan da ke riƙe da bindiga da wanda ya sayo ta, dillalai suka shiga tsakani, mulkin soja kuma ya lulluɓe al'amarin da sunan sirrin tsaro. Ko da aka yi dokar sayen kayan gwamnati a 2007, wadda ta kafa hukumar BPP ta kuma wajabta tallata kwangila da gasa tsakanin masu nema, sai aka keɓe kayan musamman da suka shafi tsaron ƙasa, aka ce dokar ba ta hau kansu ba sai da yardar shugaban ƙasa. Abin da ya biyo baya sananne ne: a 2015 aka naɗa kwamitin binciken sayen makamai tun daga 2007, aka yi zargin cewa kimanin dala biliyan 2.1 sun bi wata hanya dabam, a daidai shekarun da sojoji a Barno ke kukan ƙarancin harsashi.

To, a nan ne maganar kwamfuta ta shigo. Ma'anar sayen kaya ta intanet ita ce, ma'aikata ta sanya buƙatarta a wani dandali da kowane ɗan kwangila mai rajista zai gani, kowa ya aiko da farashinsa a rufe, na'ura ta riƙe sa'ar da ya iso, ba mai iya buɗewa kafin ranar da aka yanka, ba kuma mai iya cusa takarda bayan an rufe. Idan kaya sun iso bariki, jami'in da ya karɓa ya shaida adadinsu a cikin wannan dandali, sa'an nan kuɗi su fita kai tsaye zuwa asusun mai kaya. Koriya ta Kudu ta fara irin wannan tsari ga gwamnatinta duka a 2002, ma'aikatar tsaron Amurka ta daɗe tana karɓar takardun neman biya da shaidar isowar kaya ta wannan hanya, Yukren kuma ta kafa nata mai suna Prozorro a 2016. Labarin Yukren ya fi kusa da halinmu, domin da yaƙi ya ɓarke sun rufe bayanan sayayyar soja, sai ga shi a Janairun 2023 wani ɗan jarida ya fallasa cewa ana saya wa sojoji ƙwai a kan kuɗin da ya ninka na kasuwa fiye da sau biyu, abin da ya tilasta a sake buɗe farashin abinci da tufafin soja ga idon jama'a, ana tsakiyar yaƙi.

Nijeriya ta ɗauki wani ɓangare na wannan hanya, tun da an tattara kuɗin gwamnati a asusu guda a 2015, hukumar BPP kuma tana da dandalin bayyana kwangiloli. Amma ni ra'ayina shi ne, muddin ana fakewa da kalmar sirri a rufe kome, na'ura ba za ta rubuta abin da aka hana ta gani ba. Na yarda akwai abin da bai kamata maƙiyi ya sani ba, kamar irin na'urar leƙen asiri da inda aka girke ta. Amma shinkafa da man dizal da takalma da katifa da maganin asibitin bariki, waɗanda su ne kayan da ake saye kullum, babu wata maslaha ta shari'a ko ta hankali da ke cikin ɓoye farashinsu. Mutanen Jihar Kebbi, waɗanda suka ga an kwashe ɗalibai a Birnin Yauri a 2021, suka kuma binne mutanen Mera da aka kashe a 2024, suna da haƙƙin sanin ko motar da aka ce an saya domin sintiri ta iso, da ko an zuba mata mai. Akwai kuma wata fa'ida ta kusa: ranar da aka tallata buƙatar barikin Dukku da ke Birnin Kebbi a fili, manomin shinkafa na fadamar Kalgo da ƙungiyarsa za su iya sa farashinsu tare da kowa, ba sai sun sayar wa dillalin da zai kai Abuja a sake sayo ta a dawo da ita ba.