Daga Zauren Malam Jibrilu zuwa Jami'ar Agadas: Wa Ke Horar da Masu Bincike?

Tun da gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin Somair na Arlit mallakin ƙasa a watan Yunin 2025, muhawara ta tsaya kan kuɗi da kuma shari'a da kamfanin Orano na Faransa. Ba a cika tambayar wanda zai riƙa gwada ruwan rijiyoyin Arlit ba, ko wanda zai ƙiyasta yuraniyom ɗin da ya rage a ƙasa, ya rubuta sakamakon yadda masana za su amince da shi. Wannan nauyi kan Jami'ar Agadas zai faɗo, kuma ba ta shirya masa ba tukuna. A ganina laifin ba na nisa ba ne, ba kuma na rashin tsaro ba ne. Tun farko ne aka tsara horo a wannan jiha domin a samu masu aiki da na'ura, aka bar wa baƙi aikin bincike.

Agadas ba baƙuwar ilimi ba ce. Sarautar Abzin ta zauna a garin tun ƙarni na 15, kuma a ƙarshen wannan ƙarni Shehu Magili ya ratsa ƙasar kafin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A ƙarni na 18 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Yadda ake zama masani a lokacin a bayyane yake: ɗalibi ya lizimci malami, ya ga yadda yake warware mas'ala, malamin ya gyara masa har ya ba shi ijaza.

Zamanin Turawa bai rushe wannan ba, gefe kawai ya ajiye shi. Cibiyar binciken da Faransawa suka buɗe a 1944, reshen IFAN wanda daga baya ya zama IRSH, a Yamai take. Abzin kuwa fili ne da ake zuwa ɗibar samfuri. A 1957 aka gano yuraniyom a Azelik. Masu neman ma'adinin ne kuma suka ci karo da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da a Gadufawa, abin da ya jawo Philippe Taquet daga Paris a tsakiyar shekarun 1960. Aka kafa Somair a 1968, ta fara haƙa a 1971. Cominak ta biyo baya a 1974, sannan Sonichar mai haƙar kwal kusa da Cirozerin. Kamfanonin nan suna bukatar hannu, don haka a tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe makarantar ma'adinai ta Abzin, EMAIR, a cikin garin Agadas. Ta yi aikinta, babu mai ƙwace mata wannan: ta yaye ƙwararrun haƙa da na injuna da na lantarki waɗanda suka riƙe Arlit da Akokan shekara da shekaru. Amma ba a ɗora mata koyar da bincike ba. Wanda ke son zama injiniya sai ya fita waje, kamar yadda Mahamadou Issoufou ya je Saint-Étienne kafin ya riƙe muƙami a Somair; ko makarantar injiniyoyi ta EMIG da aka buɗe daga baya, a Yamai aka gina ta. Haka abin ya maimaita kansa da Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya zo a shekarun 1990. Ƴan ƙasa ne suka nuna hanya, amma ƙasusuwan dabbobin da aka tono, Jobaria da Nigersaurus, a Amurka aka yi nazarinsu aka raɗa musu suna a 1999.

A can Yamai an buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Shi Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, ya fahimci matsalar da wuri. Ya rubuta littafi kan tarbiyya da ilimi a Afirka a 1964, ya kuma shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa, inda ake ƙera na'ura ana gwada ta a gida. Abin takaici, irin wannan wuri bai yaɗu ba. Abin da ya kafu da ƙarfi shi ne tsanin ƙarin girma. A 1968, a Yamai ɗin dai, shugabannin ƙasashe renon Faransa suka amince da kafa majalisar CAMES mai mazauni a Wagadugu, Joseph Ki-Zerbo ya zama babban sakatarenta na farko. Har yau ita ke duba takardun malamin jami'a, ta ce ya isa ya hau mataki na gaba har zuwa farfesa. Masu kare ta suna cewa ta hana son kai da siyasa shiga ƙarin girma, kuma da gaskiyarsu. Sai dai CAMES sikeli ce: tana auna kaya, ba ita ke noma su ba. Tana ƙirga maƙalolin da mutum ya wallafa, amma koyon rubuta maƙala, da neman kuɗin bincike, da jagorantar ɗalibin digirin digirgir, an bar wa kowa ya yi ta kansa.

Wasu za su ce nisa ne, tunda Agadas ta fi kilomita 900 daga Yamai, ga tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009. Amma nisan bai hana Taquet da Sereno zuwa daga wata nahiya ba, kuma rabon aikin da na bayyana ya girmi tawayen farko da shekaru kusan 20. Wasu kuma za su ce talauci ne, musamman bayan faɗuwar farashin yuraniyom a farkon shekarun 1980. Wannan hujja ta fi ƙarfi, sai dai ta manta cewa a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin ma'adinin ke malala, ba a gina wa masu bincike ɗakin gwaje-gwaje a Agadas ba. Ba kuma rashin basira ba ne. Aboubacar Adamou ya wallafa nazarinsa kan Agadas da kewayenta a 1979, Djibo Hamani ya fitar da tarihin sarautar Abzin a 1989, kuma har yau masana suna komawa gare su. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta nuna cewa da kuɗi kaɗan ana iya horar da matasa binciken fili, muddin manya za su fita tare da su, su karanta abin da suka rubuta, su gyara. Wannan shi ne lizimtar malami a sabon salo.

Jami'ar Agadas ta zo ne a 2014, tare da na Doso da Difa da Tilaberi, bayan na Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010. Jami'o'i bakwai cikin shekaru huɗu, alhali manyan farfesoshi ƙalilan ne kuma galibinsu suna Yamai. Matashin malami da aka tura Agadas yakan tarar da aji cike, ba kuma wanda ya riga shi a fanninsa da zai duba aikinsa. Rikicin da ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi da gwamnati a 2019 kan zaɓen shugabannin jami'o'i ko naɗa su ya cinye watanni, amma batun horar da sababbin masu bincike bai samu ko kusa da wannan zafi ba.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar doka mai tsawo. Duk izinin haƙa ko na tonon kayan tarihi da za a bayar a jihar Agadas, a sa sharaɗin ɗaukar ɗaliban digirin digirgir na jami'ar, sunansu ya fito a kan maƙala, a kuma bar wani kaso na samfuri da na'urorin gwaji a garin. A riƙa turo farfesoshin Yamai su zauna zango guda, a lissafa musu shi cikin aikinsu. Hukumomin da suka karɓe Somair su ne ke da ikon sa wannan sharaɗi, kuma ya kamata su sa shi tun a yarjejeniya ta gaba.