Harba-ka-ruga: Tafiyar Bindigar Toka Zuwa Ƙasar Zazzau

A ɗakin ƙanen kakana a Gubuchi akwai wata bindigar toka da ke rataye a bango, can inda hannun yaro ba zai kai ba. An naɗe ƙotarta da fata a wajen da ta tsage. Idan kaka ta yi aka sauke amfanin gona, yakan sauko da ita ya zauna a kan buzu ya goge. Zai auna albarushi a tafin hannu, ya zuba ta baki, ya tura ɗan tsumma, ya danna da siririn ƙarfe, ya sa ƙwayoyin darma, ya sake toshewa da wani tsumman. Wata rana na ce masa, "Baba, daga nan za ta iya samun tsuntsu a kan rimin can?" Sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗan nan, wannan ba ta da dogon hannu. Ƙafarka ce za ta kai ta."

Bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa fiye da yadda ake zato. Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindigogi a cikin kayan da Dagaci ya zo da su daga Barno a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya samo gwanayen harbi Turkawa suka horar masa da mutane. A zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, ana shigo da bindigogi Kano, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne Sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa. Duk da haka doki da mashi da kwari da baka su ne ƙarfin yaƙi har bayan jihadi. Bindigar tana da tsada, albarushi sai an jira fatake, damshin damina yana kashe shi, kuma kafin mutum ya gama ɗuri na biyu ɗan baka ya saki kibiya da dama. Daga nan sunan harba-ka-ruga ya samo asali.

Hanya biyu take biyowa. Akwai ta hamada, daga Tarabulus ta Agadas da Damagaram, akwai kuma ta bakin teku, wadda ke hawowa ta ƙasar Yarbawa da Nufe. Turawan Ingila suna kiran irin ta bakin tekun da sunan mutanen Danmak, waɗanda suka yi cinikinta a gaɓar Ankara ta ƙasar Gana. A Damagaram Sarki Tanimu ya wuce saye kawai, ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a birnin Zinder.

Zazzau ta farga ne bayan ta sha wuya. A zamanin Sarki Sambo mayaƙan Ningi suka kawo hari har kusa da ganuwar Zariya, suka kwashi mutane masu yawa. Wanda ya gaje shi, Sarki Yero, ya tara bayi ya ba su bindigogi, ya mai da su runduna ta dindindin da ba ta jin maganar kowa sai tasa. Da ya rasu a 1897, ƙarfin waɗannan 'yan bindiga yana cikin abin da ya tsaya wa ɗansa Kwasau har ya hau gadon sarauta. A ganina wannan ne karon farko da albarushi ya sa baki a zaɓen Sarkin Zazzau, kuma ya kamata masu koyar da tarihinmu su riƙa tsayawa a kansa.

To, amma me ya sa bindigarmu ba ta da dogon hannu? Cikin bututunta sumul yake. Darmar tana fita tana karo da gefe da gefe, sai ta kauce da zarar ta yi nisa, shi ya sa bayan taku kamar ɗari sai dai sa'a. A can Turai kuwa, maƙera sun riga sun gane cewa idan aka yi wa cikin bututun tsaga mai murɗawa, harsashin zai fita yana juyawa, ya miƙe zar. Wani injiniya na Mancesta, Joseph Whitworth, ya ƙera bindiga mai rami mai kusurwa shida a murɗe, albarushinta irin namu ne mai hayaƙi, kuma ta baki ake ɗura ta. Ran 2 ga Yuli 1860, a filin Wimbildon, Sarauniya Biktoriya ta ja igiyar da aka ɗaura wa kunamar irin wannan bindiga, aka sami tsakiyar allo daga yadi 400. Da wannan harbin aka buɗe gasar shekara-shekara ta Ingila.

Gasar da har yau masu wannan wasa ke ba da labarinta ita ce ta Kiridmo, kusa da birnin Niyok, ran 26 ga Satumba 1874. Mutum shida daga Ayalan suka kara da mutum shida na Amurka, kowa harbi 15 a yadi 800, da 900, da 1,000. Mutanen Ayalan sun zo da bindigogin Rigby masu ɗuri ta baki, Amurkawa kuma da Remington da Sharps waɗanda ake ɗurawa ta baya. Yadi 1,000 ya haura mita 900. Darmar tana yin kusan daƙiƙa uku a sama, tana tashi ta yi baka sannan ta sauko, don haka maharbi sai ya karanci iska da ƙyallin rana kafin ya taɓa kunama, ya kuma goge tokar da albarushi ya bari a bututu. Wani ɗan Ayalan ya sami tsakiya daram, amma a allon da ba nasa ba, aka hana shi makin. Harbin ƙarshe na Ba'amurke John Bodine ne, wanda kwalba ta yanke shi a hannu ana dab da kiransa. Ya ɗaure hannun ya kwanta ya harba, Amurka ta ci da maki 934 a kan 931. Har yanzu akwai ƙungiyoyi a Turai da Amurka da Afirka ta Kudu da ke wannan gasa da tsofaffin bindigogi ko sababbi da aka ƙera a kan tsohon fasali.

Shekara 30 cif bayan harbin Wimbildon, ran 2 ga Yuli 1890, ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Burasal. Ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindiga mai tsaga a ciki da harsashinta, ta bar mana mai sumul da albarushin kasuwa. An ce don a kashe cinikin bayi ne, amma kowa ya ga wanda ta yi wa amfani. A 1902 sojojin Turawan Ingila na Gwamna Lugga suka zauna a Zariya. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Molan ya tashi daga can ya yi arewa da igwa da bindigogin Maxim masu jigida, ya fasa Bebeji, ya shiga Kano ran 3 ga Fabrairu.

Daga nan bindigar toka ta koma hannun maharba da fadawa. Maƙeran ƙauye suka koyi ƙera ta da gyara ta, dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 kuma ta ware mata sashenta, tare da sharaɗin neman lasisi. Abin da bututun ya kasa, maharbin ƙasar Hausa ya cike shi da haƙuri. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya matso kusa da gada ko barewa. Ƙanen kakana yakan kwashe rabin wuni a kan taku ɗari biyu, iska tana bugo masa fuska don kada dabba ta ji ƙanshinsa. Ni ban ga abin da ya raba wannan natsuwa da ta mutumin da ke kwance a Kiridmo yana lissafin iska ba.

Yau a Hawan Sallah na Zazzau 'yan bindiga ne ke sanar da fitowar Sarki, da albarushi zalla ba darma, ƙara ta girgiza ƙirji, farin hayaƙi ya turnuƙe Ƙofar Fada. A ƙauyuka kuwa ita ce a kafaɗar 'yan sintiri da dare, suna fuskantar ɓarayi masu AK-47, abin da ke sa ni tausayinsu ƙwarai.

Jama'ar Gubuchi da Makarfi, da na Ikara da Kudan, duk mai tsohuwar bindigar gado a gida kada ya ba 'yan gwangwan. A tabbatar babu ɗuri a cikinta, a nemi lasisinta, a duba jikin ƙarfen ko akwai hatimin maƙerin da ya yi ta, sannan a zauna da dattijon gidan a rubuta sunan wanda ya fara riƙe ta da garin da ya sayo ta.