Tarihin Amfani da Faj wajen Yaƙar Ƙwayar Maruru

Faj, ko bakteriyofaj, ƙwayar bairos ce da ba ta kama mutum ko dabba, bakteriya kaɗai take farauta. Takan manne a jikin bakteriya, ta zuba iri a cikinta, ta hayayyafa har cikin ya fashe, 'ya'yan su fito su afka wa maƙwabta. Kowane nau'i yana da bakteriyar da yake ci. Ana samun faj a ƙasa da rafuka da ruwan kwata, irin wanda yake gangarawa Kogin Kaduna.

Staphylococcus aureus kuwa bakteriya ce mai zama a fata da hanci. Ita ke kawo maruru da ƙuraje masu mugunya, kuma in ta shiga jini ko ƙashi takan yi kisa.

Asali

A 1915, Frederick Twort na Landan ya ga wani abu yana narkar da bakteriyar da yake kiwo a ɗakin gwaji. A 1917, Félix d'Hérelle na Cibiyar Pasteur da ke Paris ya gano abin shi ma, ya raɗa masa suna mai ma'anar "maci bakteriya". A 1921, Richard Bruynoghe da Joseph Maisin na Beljiyam suka yi wa masu maruru allurar faj, suka buga sakamakon, wanda ake ɗauka rahoto na farko a kan yi wa mutum magani da faj. A 1923, George Eliava ya kafa cibiyar faj a Tibilisi ta Jojiya, wadda ke aiki har yau.

Watsi da dawowa

Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, a kan farantin kiwon Staphylococcus, ƙwayar maruru. Da maganin ya wadata a shekarun 1940, Turai ta Yamma da Amurka suka ajiye faj, domin ƙwaya ɗaya ta fenisilin tana kashe bakteriya iri-iri, shi kuwa faj sai an zaɓo wanda ya dace. Tarayyar Sobiyet da Foland ne suka riƙe shi.

Ba a daɗe ba ƙwayar maruru ta fara bijirewa. A 1961 aka gano a Ingila nau'in da ba ya jin maganin metisilin, wato MRSA. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, MRSA kaɗai fiye da 100,000, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi shan wuya. Wannan bijirewar ce ta dawo da hankali kan faj: Foland ta buɗe sashen jinya da shi a Wrocław a 2005, Beljiyam kuma ta amince a 2018 a riƙa haɗa wa kowane majinyaci nasa.

A Najeriya

Najeriya ta fitar da shirin yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2017, amma faj bai zama maganin yau da kullum a asibitocinta ba. A unguwannin Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha na Kaduna, kamar sauran wurare, mai maruru yakan sayi kafso a kemis ba tare da takardar likita ba, ya daina sha da ya ji sauƙi. Irin wannan sha barkatai na cikin abubuwan da ke ƙara wa ƙwayar taurin kai.